Mahaɗi da Daidaiton Jeri a Tarihin Rubutun Ingilishi

Mahaɗan daidaito a harshen Ingilishi 'yan ƙananan kalmomi ne da ke ɗaure abubuwa biyu ko fiye masu matsayi ɗaya a cikin jimla: suna da suna, aikatau da aikatau, ganga da ganga. Jiga-jigansu uku ne, wato *and* da *or* da *but*, sai *nor* da ke biye da su. Duk inda ake koyar da su akan haɗa da wata ƙa'ida, cewa abubuwan da mahaɗi ya ɗaure dole su zo da siga iri ɗaya. Idan ɗalibi ya rubuta *She likes cooking, sewing and to read*, jan biron malami zai sauka a kan kalmomi biyun ƙarshe, saboda an faro jerin da sunayen aiki masu ƙarewa da *-ing*, da aka zo na uku aka sauya siga. Gyaran shi ne *reading*. Mai koyo yakan ɗauka tun fil azal haka abin yake. Alhali kuwa daidaita sassan jimla ya faro ne a matsayin ado na masu balaga, wanda ya so ya yi, wanda bai so ba ya bari, kuma bai zama dokar aji ba sai a ƙarni na 18 da na 19. Kafin nan zuben Ingilishi ya shafe ɗaruruwan shekaru yana bin wata hanya dabam, ta jera jimla bayan jimla da *and*.

Ita *and* tana cikin harshen tun daga rubuce-rubucensa na farko, wani lokaci akan rubuta ta *ond*. Sauran 'yan uwanta ne suka sha canji. A tsohon Ingilishi kalmar da ke aikin "amma" ita ce *ac*, wadda ta ɓace daga baya. *But* ta yau ta fito ne daga *butan*, mai ma'anar "waje" ko "ban da", sannu a hankali ta gaje gurbin. *Or* da *nor* gajartattun sigogi ne da suka bayyana a Ingilishin tsakiyar zamani. Saboda yawan faɗowar *and*, masu kwafar littattafai na wancan lokaci ba sa wahalar rubuta ta duka. Sukan zana wata alama mai kama da lamba 7, wadda aka gada daga tsarin gajarta rubutu da ake dangantawa da Tiro, magatakardan Sisero na Rum. Wanda ya buɗe shafin fata na wancan zamani zai ga alamar ta bazu layi bayan layi, wani layin har sau biyu ko uku.

Inda aka fi ganin haka shi ne kundin tarihin da ake kira *Anglo-Saxon Chronicle*. An fara tattara shi a ƙarshen ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfred, aka ci gaba da ƙara masa labarai shekara-shekara a gidajen ruhubanawa, har kwafin Peterborough ya kai 1154. Labarin da aka rubuta ƙarƙashin shekarar 755 ya fi sauran suna. Sarki Cynewulf na Wessex ya kai wa wata mata ziyara da 'yan rakiya kaɗan, abokin gabarsa Cyneheard ya yi wa gidan ƙawanya, aka kashe sarki, aka yi wa mutanensa tayin rai da dukiya suka ƙi, suka yi ta faɗa har aka ƙarar da su ban da mutum ɗaya. Kusan duk labarin gajerun jimloli ne, kowace an maƙala ta a jikin ta baya da wannan alama. Marubucin bai tsaya yana cewa wannan ne ya jawo wancan ba, jera abubuwan ya yi yadda suka auku. Salon yana da ƙarfi, domin babu abin da ke shiga tsakanin mai karatu da aukuwar. Yana kuma da rauni a fili: a wasu wuraren "shi" da "su" sukan cakuɗe, har masana su yi ta gardama a kan wane ɓangare ne ke magana.

A wannan zamani ɗaya akwai wata ɗabi'ar ta gida, wato jera kalmomi bibbiyu, sau da yawa masu farawa da sauti guda. Wulfstan, babban limamin cocin York da ya rasu a 1023, ya gwanance a kanta. Wa'azin da ya yi wa mutanen Ingila a 1014, lokacin da maharan Denmak suka addabi ƙasar, cike yake da zunubai da masifu da aka jero biyu-biyu. Don kunne aka shirya shi, don jama'ar da ba su iya karatu ba su ji su riƙe.

Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na coci da takardun mulki, Ingilishi na talakawa. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, amma lauyoyi suka ci gaba da riƙon Faransancinsu, kuma sai dokar 1731 ce ta kori Latin da Faransanci daga takardun kotu. Wannan dogon zaman tare ya bar gado a bakin lauyoyi har yau, wato tagwayen kalmomi irin su *goods and chattels* da *breaking and entering*, inda ta farko 'yar gida ce, ta biyu kuwa daga Faransanci ta zo. An saba cewa an haɗa su ne don kowa ya fahimta, ko wane harshe yake ji. Bayanin gaskiya ne a wani ɓangare, amma bai game duka ba, domin *null and void* da *aid and abet* duk ta hanyar Faransanci suka shigo. David Mellinkoff, a littafinsa na 1963 kan harshen shari'a, ya nuna cewa tsohuwar al'adar tagwaita kalma ita ma ta taka rawa, haka kuma tsoron lauya kada ya bar wata kafa a buɗe.

Salon jera jimloli da *and* ya kai wani matsayi a hannun Thomas Malory, wanda ya kammala labaran Sarki Arthur wajen 1470 yana tsare a kurkuku. William Caxton, mutumin da ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, shi ya buga littafin a 1485. Mafi yawan abin da Malory ya rubuta daga littattafan Faransanci ya ɗebo shi, kuma masu kwatanta su sun lura cewa yakan kwance doguwar jimlar Faransanci mai rassa, ya mayar da ita jerin ayyuka: ya hau doki, ya zare takobi, suka gwabza. Ke nan zaɓi ya yi, yana ganin wata hanyar a gabansa ya bar ta.

Abin da ya fi dasa wannan salo a kunnen masu jin Ingilishi shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki. Labaran Ibrananci suna tafiya ne da harafin *waw*, ɗan uwan wawun Larabci, wanda ake liƙawa a farkon aikatau, jimla bayan jimla. William Tyndale ya fitar da Sabon Alkawari a birnin Worms na Jamus a 1526, sannan littattafai biyar na Annabi Musa a 1530, daga Ibrananci kai tsaye. Ra'ayinsa shi ne ginin Ibrananci ya fi dacewa da Ingilishi nesa ba kusa ba a kan yadda ya dace da Latin. An kashe shi a 1536 kusa da Brussels, amma aikinsa ne ya zama ginshiƙin fassarar Sarki James ta 1611, wadda masana kusan hamsin suka yi cikin rukuni shida. Waɗannan sun ma fi Tyndale manne wa *waw*. Surar farko ta Littafin Farawa tana da ayoyi 31, kuma a fassarar 1611 guda 29 daga ciki da *And* suka fara. Wannan fassara aka riƙa karantawa da babbar murya a majami'u kowace Lahadi fiye da shekara ɗari uku, tare da littafin addu'o'in da Thomas Cranmer ya shirya a 1549, wanda shi kuma cike yake da tagwayen kalmomi. Manomi da maƙeri da ba su taɓa shiga ajin nahawu ba da wannan kari suka tashi, kuma shi ake ji a littafin John Bunyan na 1678.

Ɗaya hanyar, ta daidaita sassan jimla, daga Girka ta taso. Gorgias, wanda ya zo Atina a shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa, ya burge mutanen birnin da jimloli masu sassa daidai tsawo, masu kishiyantar juna, masu amsa-amo. Aristotil, a kashi na uku na littafinsa kan balaga, ya raba zube gida biyu. Akwai wanda ake zura jimloli ɗaya bayan ɗaya, ba ya ƙarewa sai maganar ta ƙare, ya kawo Herodotus a matsayin misali. Akwai kuma wanda jimla ke kewayowa ta rufe kanta, mai sauraro yana hango ƙarshenta tun daga nesa. Na biyun ya fifita. Sisero ya kai wannan salo ƙololuwa a Latin, kuma shi ne abin koyi a makarantun Ingila na ƙarni na 16, inda yaro ke kwashe shekaru yana juya Latin zuwa Ingilishi, ya sake mayarwa. Littafin Erasmus na 1512 kan yalwar magana, wanda ya rubuta saboda makarantar St Paul ta Landan, ya nuna wa yara yadda za a faɗi jimla guda ta hanyoyi fiye da ɗari. Yaran da aka horar haka, da suka girma suka koma rubutu da harshen gida, da wannan awo suka zo.

John Lyly ne ya kai abin maƙura. A littafinsa *Euphues* na 1578 da ci gabansa na 1580, kusan kowace jimla an tsaga ta biyu daidai. Inda sifa ta zauna a rabin farko, sifa ce za ta zauna a na biyu, inda aikatau yake aikatau zai zo, sannan a ɗaure sassan da kalmomi masu farawa da harafi guda, a ƙara da misalai daga duwatsu da tsirrai da dabbobin almara. Jimlar takan zama kamar mangala a bayan jaki, abin da aka zuba a wannan gefe sai an zuba kwatankwacinsa a wancan, ko da tsakuwa ce. Salon ya zama yayi a fadar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya na wasu shekaru, har aka sa masa suna daga sunan littafin. Bai daɗe ba aka gundura. Philip Sidney ya soki irin wannan ado, Shakespeare ya kwaikwaye shi don ba'a ta bakin Falstaff, wani tauraro a wasan kwaikwayonsa, Francis Bacon kuma a 1605 ya zargi almajiran Sisero da farautar kalmomi suna barin ma'ana. Thomas Sprat, a tarihin ƙungiyar masana kimiyya ta Landan da ya wallafa a 1667, ya ce 'yan ƙungiyar sun fi son maganar 'yan kasuwa da masu sana'a a kan ta malaman balaga. Duk da haka ba daidai ba ne a raina Lyly. Ya nuna cewa jimlar Ingilishi tana karɓar tsari da awo kamar ta Latin, kuma waɗanda suka yi masa dariya sun amfana da wannan darasi.

A ƙarni na 18 daidaiton ya dawo cikin natsuwa. Samuel Johnson, a maƙalunsa na *The Rambler* tsakanin 1750 da 1752, yakan auna ra'ayi da kishiyarsa a jimla guda, ko ya jero sassa uku masu gini iri ɗaya, na ƙarshe ya fi nauyi. Edward Gibbon, wanda ya fara fitar da tarihin faɗuwar daular Rum a 1776, yakan ɗaure dalilai biyu da *and* ko *or*, ɗaya na kirki ɗaya na son zuciya, ya bar mai karatu ya yi hukunci. A hannun waɗannan mutane biyu daidaiton kayan aikin tunani ne, domin idan aka ajiye abu biyu a siga ɗaya bambancinsu yakan fito sarai. Haɗarinsa kuwa shi ne, da zarar marubuci ya saba gina gurbi biyu, sai ya riƙa cike na biyun ko ba shi da abin faɗa. Irin wannan zargi Thomas Macaulay ya yi wa Johnson a 1831, kuma ya fi dacewa da ɗimbin masu kwaikwayon Johnson fiye da shi kansa.

Mutum guda ne ya tsaya a mahaɗar waɗannan hanyoyi biyu, wato Robert Lowth, wanda ya zama farfesan waƙa a Oxford a 1741, daga baya kuma bishop na Landan. A laccocinsa kan waƙoƙin Ibrananci, waɗanda aka buga da Latin a 1753 aka fassara zuwa Ingilishi a 1787, ya bayyana cewa asirin waƙar Zabura da ta annabawa shi ne layi na biyu yana amsa na farko. Ya kasa wannan amsawa gida uku: wadda ke maimaita ma'ana da wasu kalmomi, wadda ke kawo kishiya, da wadda ke ɗorawa a kan abin da aka faɗa. Daga wajensa ne kalmar da ake kiran wannan daidaito da ita ta shiga bakin manazarta adabi. Masu nazarin waƙar Hausa sun san abin da sunan jerin sarƙe. Shi dai wannan Lowth ne ya wallafa ɗan littafin nahawun Ingilishi a 1762, wanda ya zo da wata sabuwar dabara: a ƙasan shafi yakan kawo jimlolin manyan marubuta, har da na fassarar 1611, ya nuna inda yake ganin sun kuskure. Daga nan koyar da nahawu ya karkata zuwa farautar kuskure.

Lindley Murray, lauya haifaffen Pennsylvania da ya koma zama kusa da York, ya ɗora a kan Lowth a nahawunsa na 1795, littafin da ya mamaye makarantun Birtaniya da Amurka tsawon rabin ƙarni. A cikin ƙa'idojinsa masu lamba akwai wadda ta ce mahaɗi yana ɗaure aikatau masu lokaci da yanayi iri ɗaya, da sunaye masu matsayi iri ɗaya. Wanda ya karanta *Ajurumiyya* a zaure ba zai ji wannan baƙo ba, domin a babin aɗafi an lissafa haruffa goma, aka ce abin da aka aɗafa yana bin wanda aka aɗafa shi gare shi a li'irabi. Bambancin shi ne, Larabci da Latin suna nuna matsayin suna a ƙarshen kalma, Ingilishi kuwa ya zubar da kusan duk waɗannan alamomi, don haka ƙa'idar ta koma kan siffar sassan jimla.

Malaman balaga na Sikotlan su suka ƙarasa aikin. Hugh Blair na Edinburgh, a laccocinsa da aka buga a 1783, ya ba da shawarar cewa idan ana kwatanta abu biyu a bar ginin sassan ya yi kama da juna, amma ya ja kunne kada a yawaita har kunne ya gaji. Ya kuma lura da wani abu da har yau yake da amfani: zubar da mahaɗi yana sa magana ta yi sauri, yawaita shi yana sa ta tafi a hankali, kowane abu ya tsaya da ƙafarsa. Wurin Blair abin shawara ne. Alexander Bain na Aberdeen, a littafinsa na 1866, ya sa daidaiton gini cikin ƙa'idojin sakin layi, kuma daga nan ya shiga manhaja.

A Amurka ne shawarar ta rikiɗe ta zama doka mai hukunci. Jami'ar Harvard ta fara jarrabawar rubutun Ingilishi ga masu neman shiga a 1874, sakamakon ya tayar da hankalin malamai, aka kafa darasin insha'i na dole ga 'yan shekarar farko, sauran jami'o'i suka bi sahu. Malami ɗaya yakan sami tulin takardu a gabansa kowane mako, ba shi da lokacin rubuta wa kowa bayani. Sai aka fito da littattafan jagora masu ƙa'idoji da lambobi, irin na Edwin Woolley na 1907, tare da alamomin gyara. Alamar karyewar daidaito 'yan sanduna biyu ne a jere a gefen takarda, kuma ɗalibin da ya gan su ya san an ce ya koma ya duba abin da ke hagu da dama na mahaɗinsa. William Strunk na jami'ar Cornell ya buga ɗan littafinsa *The Elements of Style* a 1918 don ɗalibansa. Ɗaya daga cikinsu, E. B. White, ya sabunta shi a 1959, ya bazu a duniya. Cikin ƙa'idojinsa akwai wadda ta ce ra'ayoyi masu matsayi ɗaya a ba su siga ɗaya, kuma ya fi matsawa a kan tagwayen mahaɗai irin su *both … and* da *either … or* da *not only … but also*. Wanda ya rubuta *He not only sells rice but also beans* ya sa aikatau bayan rabin farko, ya sa suna bayan na biyu. In ya ce *He sells not only rice but also beans*, shinkafa da wake sun fuskanci juna, jimlar ta zauna.

Wannan ƙa'ida tana da hujja mai ƙarfi, kuma ta cancanci matsayin da ta samu. Mai karatu da ya ga abu na farko a jeri yakan shirya wa na biyu gurbi irinsa. In ya zo yadda aka zata, hankali ya tafi kan ma'ana. In ya saɓa, sai an koma baya an sake karantawa. A takardar neman aiki, ko jerin umarnin shan magani, ko sharuɗɗan kwangila, wannan komawa baya tana da tsada.

Ajin makaranta ya haifar da wasu dokokin da ba su da irin wannan hujja. Mafi shahara ita ce wai ba a fara jimla da *And* ko *But*. Ana iya gane dalilin malaman firamare. Binciken da Kellogg Hunt ya wallafa a 1965, inda ya kwatanta rubutun 'yan aji huɗu da takwas da sha biyu, ya nuna ƙananan yara sun fi kowa zura jimloli da *and*, kuma ɗabi'ar tana raguwa yayin da suke koyon ganga dogarau. Hani na ɗan lokaci domin horar da yaro shi ne ya bi mutane har girma. Ernest Gowers, da ya sabunta ƙamusun Fowler a 1965, camfi ya kira shi, kuma jagoran salo na jami'ar Chicago ya ce hanin ba shi da tushe a tarihi ko a nahawu. Harshen da kundin tarihinsa na farko da Littafinsa Mai Tsarki suka cika da jimloli masu farawa da *And* ba zai yiwu a ce ya haramta hakan ba.

Haka ma lissafin mahaɗai bakwai da ake haddacewa da kalmar FANBOYS, wato *for, and, nor, but, or, yet, so*. Dabarar tuni ce ta aji, kuma manyan littattafan nahawu na zamani, na Randolph Quirk da abokansa na 1985 da na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum na 2002, ba su ɗauki bakwai ɗin a matsayi ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ana cewa *rice and beans* ko *rice or beans*, ba a cewa *rice so beans*. Ana cewa *and yet* da *and so*, ba a cewa *and but*, abin da ke nuna *yet* da *so* sun fi kusa da bayanau. Masana harshe sun kuma gano dokokin da ba a taɓa koya wa kowa ba amma kowa yana bi. John Robert Ross ya nuna a 1967 cewa ba a iya zare ɗaya daga cikin abubuwan da aka ɗaure a yi tambaya a kansa: babu mai jin Ingilishi da zai ce *What did she buy rice and?* A ɗaya gefen, *Musa is a tailor and proud of it* jimla ce lafiyayya, ko da yake an ɗaure suna da sifa, saboda aiki ɗaya suke yi a jimlar. Abin da harshen ya wajabta shi ne daidaiton aiki. Daidaiton siga kuwa gyara ne na salo, mai kyau a mafi yawan lokuta.

Manyan marubuta da masu jawabi sun ci gaba da ɗiba daga hanyoyin biyu. Jawabin Abraham Lincoln a Gettysburg a 1863, da na Winston Churchill a majalisa a watan Yunin 1940, da na Martin Luther King a Washington a 1963, duk a kan maimaita gini ɗaya suka tsaya, kuma na King daga mumbarin coci ya gaji nasa. Ernest Hemingway, a littafinsa na 1929 kan yaƙin duniya na farko, ya koma ga tsohon salon *and* da gangan, Cormac McCarthy ya bi bayansa. Masu fassara kuwa sun rabu: fassarorin Littafi Mai Tsarki na 1970 da 1978 sun zubar da yawancin *And* na farkon aya don su yi kama da zuben zamani, Robert Alter kuma, wanda ya kammala tasa fassarar a 2018, ya maido da su, yana ganin su ne numfashin labarin.

Ga Bahaushe mai koyon Turanci akwai wurin tuntuɓe na musamman. "Da" ta Hausa sunaye take ɗaurewa, ba ta ɗaure jimloli. Ana cewa "ya zo ya zauna ya ci abinci" ba tare da mahaɗi ba, in an so a ƙara "kuma" ko "sai". A jerin sunaye kuwa akan maimaita ta, "da gero da dawa da masara", alhali Ingilishi *and* guda yake sawa kafin na ƙarshe, sauran ya raba su da waƙafi.

Wannan waƙafi na kafin mahaɗin ƙarshe shi ma yana da nasa rikicin. Maɗaba'ar jami'ar Oxford ta riƙe shi a matsayin al'adarta tun farkon ƙarni na 20, har ake kiransa da sunanta, Strunk ma ya goyi bayansa, amma yawancin jaridun Birtaniya da Amurka ba sa sa shi. Rikicin ya kai gaban kotu a jihar Maine ta Amurka. Dokar jihar ta ce a biya ma'aikaci kuɗin ƙarin lokaci, sai dai ta cire masu wasu ayyuka da suka shafi abinci mai saurin lalacewa. An jero ayyukan da waƙafi, jerin ya ƙare da *packing for shipment or distribution*, babu waƙafi kafin *or*. Direbobin kamfanin madara na Oakhurst suna rarraba kaya amma ba sa ɗaure su. Kamfanin ya ce rarrabawa aiki ne mai zaman kansa a jerin, don haka direbobi ba su da haƙƙin ƙarin kuɗi, ya kuma nuna cewa jagoran rubuta dokokin jihar shi ne ya hana sa wannan waƙafi. Direbobin suka kafa hujja da daidaiton siga. Suka ce ayyuka takwas da aka jero duk da *-ing* suka ƙare, *distribution* kuwa ba ta da wannan siga, abokiyar tafiyarta ita ce *shipment*, don haka abin da aka cire shi ne ɗaure kaya domin aikawa ko domin rarrabawa. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ta bakin Mai Shari'a David Barron, ta ce jimlar tana ɗaukar fassara biyu, kuma dokokin ƙwadago na jihar idan suka yi harshen damo ana fassara su ne ta yadda za su kare ma'aikaci. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Majalisar jihar ta sake rubuta sashen, ta raba ayyukan da waƙafi mai ruwa, ta kuma mayar da kalmar ƙarshe *distributing* domin ta yi daidai da sauran takwas.